Ruwan da ke kwanciya a bayan ido: Abin da hoton OCT da hoton rini ke gani, da abin da ke kuɓuce musu

A ɗauki misalin ma'aikaci ɗan shekara 40 da 'yan kai a ɗaya daga cikin ma'aikatun da ke Sakatariyar Tarayya, wanda aikinsa tun safe har yamma shi ne karanta takardu da rubuta bayani a kan fayil kafin a shigar wa maigidansa. Watanni biyu da suka wuce idonsa na hagu ya yi ja, yana zogi, ba ya son haske. Ya ɗauka afolo ne, ya biya kemis ya sayi maganin ɗigawa, cikin mako guda jan ya washe, shi kuma ya manta da zancen. Sai wata safiya ya buɗe jadawalin kasafi a kwamfuta ya ga layukan sun lanƙwashe, lambobin da ke tsakiya sun dushe kamar yana kallonsu ta cikin ruwa. Da ya rufe idon dama ya ga matsalar ta hagu ce kaɗai. Ya sauya tabarau, amma ba ta canja zani ba.

Idan aka dubi idon wannan bawan Allah daga waje, fari ne tas, babu abin da zai nuna akwai cuta. Abin da ke damunsa yana can ƙuryar ƙwayar idon, a wani wuri da faɗinsa bai wuce milimita 5 da rabi ba, kuma kaurin da ya ƙaru a wurin ana auna shi ne da ma'aunin da ya fi silin gashi ƙanƙanta. Likitocin ido suna da manyan hanyoyi biyu na ɗaukar hoton wannan wuri. Mutane da yawa suna zaton abu ɗaya hanyoyin biyu ke nunawa, don haka idan an yi ɗaya, neman na biyu ɓarnar kuɗi ce. Bincike ya nuna ba haka abin yake ba, kuma sanin bambancinsu na iya taimaka wa majinyaci ya tsira da ganinsa.

Ciwon da ya wuce jan ido

Ƙwayar ido tana da bango mai hawa uku. Na waje shi ne farin ido. Na ciki shi ne tantanin gani, wanda likitoci ke kira retina, shi ke karɓar haske ya aika wa ƙwaƙwalwa. A tsakaninsu akwai hawa mai cike da jijiyoyin jini, wanda ya haɗa da baƙin ido da muke gani daga gaba ya zarce har baya. Kumburin wannan hawa na tsakiya shi ne ciwon da ake kira yubiyaitis a likitance. A wannan rubutu za mu kira shi kumburin cikin ido.

Alamominsa sun danganta da ɓangaren da ya kama. Idan gaban ido ne, sai a ga ja da zogi da ƙin haske, abin da ya sa ake yawan rikita shi da afolo, duk da cewa afolo yakan zo da kwantsa da ƙaiƙayi, ba ya kuma taɓa ƙarfin gani sosai. Idan tsakiya ko bayan ido ya kama, sau da yawa babu ja babu zogi. Mutum zai riƙa ganin baƙaƙen abubuwa suna yawo a gabansa kamar ƙudaje ko yanar gizo-gizo, ganinsa kuma yana raguwa sannu a hankali.

Ciwon ya fi kama mutane tsakanin shekara 20 zuwa 60, wato shekarun aiki da ɗaukar nauyin iyali. Dalilansa iri biyu ne. Akwai waɗanda ƙwayoyin cuta ke haddasawa, irin su tarin fuka, da tunjere, da ƙwayar toksofilasma da ake ɗauka daga kashin kyanwa ko naman da bai dahu ba, da cututtukan da ke samun dama a jikin mai cuta mai karya garkuwar jiki. Akwai kuma waɗanda garkuwar jiki ce da kanta take juyowa ta far wa idon, wani lokaci tare da ciwon gaɓoɓi ko sandarewar ƙashin baya. A lokuta da dama duk binciken da za a yi ba a gano dalilin.

Yadda ruwa ke taruwa a cibiyar gani

A tsakiyar tantanin gani akwai wani ɗan wuri da ake kira makula, wato cibiyar gani. Da shi muke karatu, da shi muke gane fuskar mutum, da shi muke zura zare a allura. Sauran tantanin yana ba mu ganin gefe ne kawai. Mutumin da cibiyar ganinsa ta lalace zai iya tafiya a titi ba tare da ɗan jagora ba, amma ba zai iya karanta saƙon waya ba.

Jijiyoyin jinin da ke ciyar da tantanin gani a liƙe suke gam, ba sa barin ruwan jini ya tsiyaya. A ƙarƙashin tantanin kuma akwai wani siririn shimfiɗi na ƙwayoyin halitta da aikinsa ya haɗa da zuƙe duk ruwan da ya ɓata hanya ya fitar da shi baya. Idan kumburi ya shiga ido, sinadaran da yake saki sukan sassauta liƙin jijiyoyin su fara yoyo, sukan kuma raunana shimfiɗin da ke zuƙe ruwan. Da zarar abin da ke shigowa ya fi abin da ke fita, sai ruwa ya kwanta a cibiyar gani, ta yi kauri, wani lokaci ƙananan aljihuna cike da ruwa su fito a cikinta.

Wannan taruwar ruwa ita ce kan gaba wajen rage ganin masu kumburin cikin ido. Wani bincike da aka yi a ƙasar Holand aka buga a shekarar 2006 ya duba majinyata fiye da 500, ya samu kashi 33 cikin 100 suna da ita. Abin da ya sa gano ta da wuri ke da muhimmanci shi ne, idan an kama ta tun tana sabuwa magani yakan janye ruwan gani ya dawo. Idan ta yi watanni tana kwance, ƙwayoyin da ke karɓar haske sukan mutu, kuma ba sa sake tsirowa. Daga nan ko an busar da ruwan, abin da ya tafi ya tafi.

Hoton rini: neman inda ke yoyo

Tun shekarar 1851 da masanin Jamus Hermann von Helmholtz ya fito da madubin leƙa cikin ido, likitoci suka samu damar ganin tantanin gani a idon mai rai. Sai dai tantanin garai-garai yake kamar gilashi, ruwan da ke taruwa cikinsa shi ma garai-garai ne, don haka ganin ɗan kauri a cikinsa da ido zalla abu ne mai wuya ko ga ƙwararre.

Mafita ta farko ta zo daga wasu ɗaliban likitanci biyu a Jami'ar Indiana da ke Amurka, Harold Novotny da David Alvis. Sun yi amfani da wani rini mai suna fulorasin, wanda masanin haɗa sinadarai Adolf von Baeyer ya fara haɗawa a 1871. Halin wannan rini shi ne idan aka haska masa shuɗin haske sai ya mayar da haske kore mai ratsin rawaya. Suka zuba shi a jijiyar hannu, suka ɗauki hoton bayan ido yayin da yake ratsa jijiyoyin jini. Alvis ne ya fara miƙa hannunsa aka gwada a kansa. Wata mujallar likitocin ido ta ƙi karɓar rahoton nasu, sai mujallar likitocin zuciya mai suna Circulation ce ta buga shi a 1961.

Har yau tsarin bai sauya sosai ba. Ana ɗiga wa majinyaci maganin buɗe ƙofar baƙin ido, a zaunar da shi gaban kyamara, a yi masa allurar rinin a hannu. Cikin daƙiƙa 10 zuwa 15 rinin ya isa ido, sai a shiga ɗaukar hotuna a jere, a ci gaba har zuwa minti 10 ko makamancin haka. A lafiyayyen ido rinin yana bin cikin jijiyoyi ya wuce abinsa. A idon da ke yoyo sai ya tsiyayo ya taru, kuma a hotunan ƙarshe akan ga cibiyar gani ta yi haske da siffar fure mai buɗaɗɗun ganyaye, saboda yadda aljihunan ruwan ke jeruwa kewaye da tsakiya.

Amfanin hoton rini bai tsaya a cibiyar gani ba. Yana nuna jijiyoyin da suka kumbura a gefen tantanin, da wuraren da jini ya daina kaiwa, da sababbin jijiyoyi marasa ƙwari da ke iya fashewa, da yoyo a kan jijiyar gani. Waɗannan su ne ke gaya wa likita ko kumburin yana nan yana ci ko ya lafa.

Amma yana da nasa wahalhalun. Fatar mutum takan yi rawaya na 'yan sa'o'i, fitsarinsa kuma ya yi rawaya shar har kwana guda ko fiye. Wasu sukan ji tashin zuciya na ɗan lokaci, wasu ƙaiƙayi da borin jini. Akwai kuma, duk da ba kasafai ba, wanda jikinsa zai ƙi rinin gaba ɗaya har numfashi ya sarƙe. Wani ƙiyasi da aka buga a Amurka a 1986 ya sa mutuwa sanadin wannan gwaji a kan mutum 1 cikin kusan 222,000. Adadin ƙarami ne ƙwarai, amma shi ya sa ba a yin gwajin sai inda aka tanadi kayan ceton gaggawa, kuma akan kauce masa ga mai juna biyu sai da larura. Bayan haka, hoton rini ba ya ba da lamba. Likitoci biyu za su iya duban hoto ɗaya su saɓa kan ko yoyon ya ƙaru ko ya ragu.

Hoton OCT: auna ruwan da ya kwanta

Shekara 30 bayan rahoton ɗaliban Indiana, a 1991, wasu masu bincike a Cibiyar Fasaha ta Massachusetts, cikinsu har da David Huang da Eric Swanson da James Fujimoto, suka buga bayanin wata sabuwar hanya a mujallar Science. Ita ce ake kira OCT a taƙaice. Na'urar farko ta shiga kasuwa a 1996, kuma a 2023 aka ba mutanen uku lambar yabo ta Lasker, ɗaya daga cikin manyan lambobin binciken likitanci a duniya.

Wanda ya taɓa raka iyalinsa awon ciki ya san na'urar da ke aika sauti cikin jiki ta saurari amsa-kuwwarsa ta zana hoton jariri. OCT ma haka take, sai dai da haske take aiki maimakon sauti. Tana aika siririn haske cikin ido, kowane hawa na tantanin gani ya mayar da wani kaso nasa. Da yake haske ya fi ƙarfin a auna gudunsa da agogo a tazara irin wannan, sai na'urar ta raba hasken biyu, ɗaya ya shiga ido, ɗaya ya bi hanyar da aka san tsawonta, sannan ta haɗa su ta kwatanta. Daga nan take gane zurfin da kowane kaso ya fito.

Abin da ke fitowa a allo hoto ne na tantanin gani kamar an yanka shi an dube shi ta gefe, hawa-hawa, yadda mai haƙar rijiya ke ganin jar ƙasa da yumɓu da marmara a jikin rami. Na'urorin yanzu suna bambance abubuwan da tazararsu ba ta wuce maikiron 5 ba. Maikiron ɗaya kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita, kuma silin gashin mutum yakan kai maikiron 70 ko kusa da haka. Kaurin lafiyayyar cibiyar gani yana wajen rubu'in milimita. Idan ruwa ya kwanta, yana iya ninkawa.

A kumburin cikin ido, OCT takan nuna ruwan a siffa uku: ko tantanin ya yi kauri gaba ɗaya kamar soson da ya jiƙa, ko aljihunan ruwa su fito a cikinsa, ko ruwan ya taru a ƙarƙashinsa ya ɗaga shi. Tana kuma nuna wata siririyar yana da kan tsiro a saman tantanin ta riƙa jan sa. Mafi muhimmanci ga majinyaci, tana nuna ko hawan da ƙwayoyin karɓar haske suke yana nan lafiya, wanda shi ke ba likita hasashen ko gani zai dawo bayan magani. Duk wannan babu allura, babu abin da ke taɓa ido, kuma cikin 'yan mintoci an gama. Ana iya maimaita shi duk zuwan da majinyaci zai yi asibiti.

Da aka gwada su a kan idanu ɗaya

Ganin sauƙin OCT, an fara tambayar ko akwai sauran buƙatar hoton rini. Amsa mafi ƙarfi ta fito daga wani babban bincike da ake kira MUST, wanda Cibiyar Binciken Ido ta Ƙasar Amurka ta ɗauki nauyinsa, aka gudanar a asibitocin Amurka da Ingila da Ostareliya a kan majinyata 255 masu kumburin cikin ido mai tsanani wanda ba ƙwayar cuta ce ta kawo shi ba. An yi wa idanunsu hotunan biyu, likitoci kuma suka duba su da fitilar duba ido. An buga sakamakon kwatancen a 2013 ƙarƙashin jagorancin Dakta John Kempen.

Abu na farko da aka gani shi ne OCT ta fi ba da hoton da za a iya karantawa. Ta yi hakan a kusan kashi 90 cikin 100 na idanun, hoton rini kuma a kashi 77. Dalili a fili yake, idon da ya daɗe da kumburi yakan kasance da yanar ido, ko hazo a ruwan cikinsa, ko ƙofar baƙin ido da ta manne ta ƙi buɗewa, kuma waɗannan sun fi hana kyamara aiki.

Abu na biyu shi ne hotunan biyu ba su cika yin ittifaƙi ba. Cikin idanun da OCT ta ce babu kauri, kusan kashi 40 cikin 100 hoton rini ya nuna suna yoyo. Cikin waɗanda hoton rini ya ce babu yoyo, kusan kashi 34 cikin 100 OCT ta same su da kauri.

Abu na uku ya shafi idon likita. Hausawa na cewa ido ba mudu ba ne amma ya san ƙima, sai dai a wannan fage mudun ake buƙata. Ƙwararrun da suka duba idanun nan da fitila sun kasa gano kusan 4 cikin kowane 10 na waɗanda hoto ya tabbatar suna da matsalar. Waɗannan kuwa likitoci ne da kumburin cikin ido shi ne fanninsu.

Duk wanda ya taɓa zama a ɗakin da ke yoyo da damina zai gane dalilin wannan saɓani. Hoton rini kamar hawa saman rufi ne a nemo inda kwano ya huje. OCT kamar auna ruwan da ya taru a tsakar ɗaki ne. Rufi na iya yoyo amma ƙasa a bushe, domin akwai mai share ruwan yana fitar da shi da zarar ya ɗigo, wato shimfiɗin nan da ke zuƙe ruwa yana aikinsa. Haka kuma ana iya samun ruwa kwance bayan ruwan sama ya ɗauke, domin magudana ta toshe, ko kuma kaurin ya kasance daga yanar da ke jan tantanin ne, ba daga yoyo ba. Akwai ma idon da ya daɗe da ciwo har tantaninsa ya sirance, ta yadda ko da ruwa a ciki lambar kaurinsa za ta yi kama da ta lafiyayye.

Shawarar da masu binciken suka yanke ita ce a fara da OCT, domin ta fi araha, ta fi aminci, ta kuma fi ba da hoto mai amfani. Idan ta ce babu komai alhali likita yana da dalilin zargi, kuma sakamakon zai sauya maganin da za a bayar, to sai a ƙara da hoton rini. An yi binciken ne da tsohon samfurin OCT, na yanzu sun fi shi kaifi nesa ba kusa ba, amma har yau babu OCT da ke nuna yoyo. Ko sabon nau'in da ke zana jijiyoyin jini ba tare da allura ba, motsin jini a cikin jijiya yake gani, ba ya ganin ruwan da ke tsiyayowa daga jikinta.

Akwai wasu hanyoyin da ke tallafa wa waɗannan biyu. Ana amfani da wani koren rini na daban idan ana son ganin jijiyoyin da ke ƙarƙashin tantanin gani. Idan kuma hazo ko yana ta rufe ido ruf har haske ba ya shiga, sai a koma ga na'urar sauti, wadda ba ta da kaifin OCT amma tana nuna ko tantanin ya ɓalle daga mazauninsa.

Hoto ba ya faɗin sanadi

Duk kyan hoto, abin da yake nunawa shi ne akwai ruwa ko akwai yoyo. Ba ya faɗin abin da ya kawo kumburin, kuma a ƙasa irin Najeriya wannan babbar magana ce. Maganin farko na taruwar ruwa shi ne sitiroyid, ko na ɗigawa, ko na sha, ko allura a gefen ido ko cikinsa. Sitiroyid yana kwantar da kumburi ta hanyar danne garkuwar jiki. Idan tarin fuka ne ko tunjere ko toksofilasma ke cin idon, danne garkuwa ba tare da maganin ƙwayar cutar ba buɗe mata ƙofa ne. Najeriya tana cikin ƙasashen da suka fi yawan masu tarin fuka a duniya. Saboda haka idan likitan ido ya tura majinyaci gwajin jini da hoton ƙirji, har da gwajin tunjere da na cuta mai karya garkuwar jiki, ba zargi ba ne, ba kuma neman kuɗi ba ne. Ƙa'idar aiki ce, kuma kowa ake yi wa.

Nan ne kuma haɗarin maganin kemis yake. Da yawa daga cikin magungunan ɗigawa da ke saurin kawar da jan ido suna ɗauke da sitiroyid. Sukan kwantar da kumburin gaban ido, mutum ya ga fari ya dawo ya ɗauka ya warke, alhali abin da ke baya yana nan. Daɗewa ana amfani da su kuma na jawo yanar ido da hawan jinin ido, cututtuka biyun da binciken makanta na ƙasa da aka yi tsakanin 2005 da 2007 ya samu su ne kan gaba wajen makantar da 'yan Najeriya masu shekara 40 zuwa sama. Binciken ya samu kashi 4.2 cikin 100 na wannan rukuni makafi ne, kuma kashi 84 cikin 100 na makantar irin wadda za a iya kauce wa ce ko a magance.

Bayan an fara magani, OCT ce ke zama ma'aunin tafiya. Likita yana kwatanta lambar kauri ta yau da ta zuwan baya. Masu binciken MUST sun nuna cewa sauyin da ya kai kashi 20 cikin 100 shi ne wanda ke da ma'ana ga gani. Da wannan lamba ake yanke shawarar a ci gaba da magani, ko a rage shi, ko a koma ga allura, ko a shigo da magungunan daidaita garkuwar jiki na dogon lokaci. Sau da yawa lambar takan fara hawa kafin majinyaci ya ji wani sauyi a ganinsa, sai a tare ciwon tun bai yi nisa ba.

Abin da ya kamata ma'aikaci ya riƙe

Jan idon da ya zo da zogi da ƙin haske, ko wanda ya taɓa ƙarfin gani, ko wanda yake tafiya yana dawowa, na likitan ido ne. Wurin yanka tabarau ba zai wadatar ba, domin babu tabaran da ke gyara ruwan da ya kwanta a cibiyar gani. Wanda aka tabbatar masa da kumburin cikin ido yana da haƙƙin ya tambayi likitansa ko an auna cibiyar ganinsa da OCT, idan kuma an ce a ƙara da hoton rini, ya tambayi abin da ake nema da shi.

Ma'aikatan tarayya da ke ƙarƙashin inshorar lafiya ta ƙasa, wadda dokar 2022 ta mayar da hukumarta NHIA, sun san ba a zuwa wurin ƙwararre kai tsaye. Sai asibitin da mutum ya yi rajista ya tura shi, kamfanin da ke kula da inshorarsa kuma ya ba da lambar izini. Wannan kan ɗauki lokaci, ciwon kuma ba ya jira, don haka gara a fara bin takardun tun ranar da aka ga alama, a kuma tambayi tun da wuri ko izinin ya haɗa da hotunan. Na'urorin sun fi samuwa a manyan asibitocin koyarwa da asibitocin ido na manyan birane. Gwamnatin Tarayya tana da asibitin da ta keɓe wa ido kaɗai, wato Cibiyar Kula da Ido ta Ƙasa da ke Kaduna.

Ranar gwaji a tafi da mai rakiya. Maganin buɗe ƙofar baƙin ido yakan dusashe gani na sa'o'i 4 zuwa 6, kuma ba hali ba ne da mutum zai kama sitiyari ya nufi Kubwa ko Nyanya cikin cunkoson yamma. Mai juna biyu, da mai asma, da mai ciwon ƙoda, da wanda jikinsa ya taɓa ƙin wani magani, su faɗa kafin a yi allurar rini.

A karɓi kwafin kowane hoto a adana shi tare da kwanan wata. Na'urorin kamfanoni daban-daban ba sa auna kauri iri ɗaya, don haka lambar da aka samu a wannan asibiti ba lallai ta yi daidai da ta wancan ba. Ya fi kyau a riƙa maimaita hoton a na'ura ɗaya. Ga ma'aikacin da ake iya yi wa sauyin wurin aiki daga Abuja zuwa Gombe ko Fatakwal, waɗannan takardu su ne za su gaya wa sabon likita inda aka fito.

A gida kuma akwai gwajin da ba ya cin ko kwabo. Sau ɗaya a mako, mutum ya sa tabaransa na karatu idan yana da shi, ya rufe ido ɗaya ya dubi wani abu mai miƙaƙƙun layuka, kamar takardar lissafi mai gida-gida ko ƙarfen taga, sannan ya sauya ido. Dole a gwada su ɗaya bayan ɗaya, domin lafiyayyen ido yakan rufa wa mara lafiya asiri har tsawon watanni. Idan layi ya lanƙwashe, ko tsakiya ta dushe, kada a jira ranar da aka rubuta a katin asibiti, a koma wurin likita cikin makon.